Zare da Allura a Garin Auduga

  Gaisuwa ga masu sauraronmu na arewacin Kamaru: Gider da kewaye, Figil, Mayo-Ulo, Durbeye, har zuwa Pitowa da Garwa, da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka wajen Mubi.

Yau maganarmu a kan zare take. Za mu duba saƙar leshi da hannu, da sauran ayyukan da suke dangi da ita: saƙar kwarashi, yi wa bakin mayafi ado, da aikin allura mai huji-huji da ake yi wa hula da wuyan riga. Abin da ya fi jan hankalina shi ne mutumin da ke yin wannan aiki don sha'awa, a lokacin hutunsa, ba wanda ya sa shi, ba wanda ke jiran ya gama.

Na san wani magidanci zai ce, "Malam, ana fama da tsadar masara da bashin taki, kai kuma ka zo mana da zancen leshi?" Yallaɓai, ka ba ni aron kunnenka tukuna. Kai ne ka biya kuɗin leshin da ke cikin lefen ɗanka, kuma wataƙila audugar da aka yi zarensa da ita irin wadda ka tsinta ce a gonarka. Zancen ya shafe ka.

Mu fara da leshin da muka sani. Yadi biyar ne a cikin leda, mai duwatsu ko marar duwatsu, wanda lefe ba ya cika sai da shi. Yawancinsa ba hannun mutum ya saƙa shi ba. Inji ne ke yin surfani a kan yadi da ɗaruruwan allurai a lokaci guda, sannan a huda tsakanin furannin, ko kuma a narkar da yadin da ke ƙasa da sinadari, zaren adon kaɗai ya rage. Wani mutumin ƙasar Suwizalan mai suna Isaak Gröbli ne ya ƙera irin wannan inji a shekarar 1863, birnin St. Gallen ya yi suna da shi. A tsallaken kogin Rhine kuma, cikin ƙasar Ostiriya, akwai wani ƙaramin gari mai suna Lustenau. Tun daga shekarun 1960 masana'antun wannan gari suka gano kasuwar Legas, suka riƙa zana furanni da launuka daidai da son matan Najeriya. Kasuwar ta bunƙasa lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, har a ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da leshin waje, kayan suka koma bin hanyar Kwatano. Daga Legas da Kano yayin ya yaɗu, ya biyo ta Yola da Mubi ya iso mana. A yau kuma masana'antun ƙasar Sin sun cika kasuwa da mai sauƙin kuɗi, wanda ko a ƙauye za ka gan shi ranar suna.

To shi leshin hannu fa, yaya yake? Shi ba a kan yadi ake yin sa ba. Daga zare zalla ake tayar da shi, kuma ramukan da ke cikinsa su ne rabin adonsa. Manyan hanyoyin yin sa uku ne.

Ta farko da allura ce. Mai aikin za ta zana fure ko tauraro a takarda mai kauri, ta shimfiɗa zare mai ɗan kauri a kan layukan zanen, ta kama shi da ɗinkin wucin gadi. Daga nan sai ta riƙa cike tsakanin layukan da irin ɗinkin da tela ke yi wa gidan maɓalli, madauki a kan madauki, allurar ba ta taɓa takardar. Inda take son aikin ya yi duhu sai ta matse ɗinkin, inda take son iska ta ratsa sai ta bar tazara. In ta gama, ta juya takardar ta yanke ɗinkin wucin gadin, leshin ya ɗago shi kaɗai a tafin hannunta.

Ta biyu da 'yan sanduna ce. Ana samun matashi mai tauri, a manna masa takardar zane da aka yi wa ɗigo-ɗigo. Kowane zare an naɗe shi a jikin 'yar sandar katako, kuma bibbiyu suke tafiya. Motsin hannu iri biyu ne kacal: a gitta, a murɗa. Duk inda aka iso ɗigo sai a kafa allura mai kai don ta riƙe wurin. Mai koyo tana farawa da sanduna goma sha biyu ko ashirin, gwanaye kuwa suna sarrafa ɗaruruwa. Duk macen da ta iya kitso ta riga ta san sirrin abin, domin kitso ne ake yi wa zare, wannan ya hau kan wancan, wancan ya bi ta ƙarƙashin wannan, hannu ya riƙe lissafi.

Ta uku ita ce wadda muka fi sani a nan, wato kwarashi. Ƙarfe ɗaya mai 'yar ƙugiya a baki, da ƙwallon zare, shi ke nan jarin. In zaren ulu ne a samu hular jariri da safa. In siririn zaren auduga ne kuma ƙugiyar ƙarama, abin da zai fito leshi ne sosai.

Ku shiga wani gida a Gider bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi, an ɗora tukunyar dare. Za ku iya tarar da wata baiwar Allah a kan tabarma a gindin darbejiya, ta sa ƙwallon zarenta a cikin kwano don kada ya gangara cikin ƙura. Ta ɗauro zaren ta bayan ɗan yatsanta manuni, babban yatsa da na tsakiya sun danne bakin mayafin, ƙugiya tana shiga tana fita. Leɓenta yana motsi amma ba magana take yi ba, ƙirga take: sarƙa uku, a tsallake biyu, a zuba biyar a rami ɗaya, a tsallake biyu, a kama. Kowane biyar ɗin nan sai ya buɗe ya zama ɗan fure mai zagaye a gefen mayafin. Wani lokaci za ta tsaya, ta shimfiɗa aikin a cinyarta, ta ga wani fure a layi na uku baya ya samu huɗu maimakon biyar. Maƙwabciyarta za ta ce, "Haba Goggo, wa zai lura?" Ita kuwa sai ta zare ƙugiyar, ta ja zaren, aikin rabin awa ya warware, ta sake daga wurin. Ba mai biyan ta kuɗin wannan gyara. Idonta ne ba zai yarda ba.

Yanzu mu leƙa tarihi, domin akwai darasi a ciki. Leshin allura ya bunƙasa ne a birnin Benis na Italiya a ƙarni na 16, na sanduna kuma ya yi ƙarfi a ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, a garuruwa irin su Bruges. Sarakuna da attajiran Turai sun haukace a kansa, maza da mata, suna sa shi a wuya da hannun riga. Dukiyar Faransa ta riƙa tsiyayewa zuwa Italiya wajen sayensa, har a shekarar 1665 Colbert, ministan kuɗin Sarki Louis na 14, ya kafa masana'antun leshi na sarauta, ya sa aka ɗauko gwanayen mata daga Benis don su koya wa matan Faransa. Garin Alanson na cikin wuraren da aka yi haka, kuma leshinsa ne ya zo ya fi kowanne daraja. Ana ƙiyasta cewa wuri mai faɗin santimita ɗaya da tsawon santimita ɗaya na wannan leshi yana cin aikin awa 7, koyonsa kuwa yana ɗaukar shekara 7 zuwa 10.

Sai inji ya zo. A 1809 wani Bature ɗan Ingila, John Heathcoat, ya yi rajistar injin da ke saƙa ragar leshi. A 1813 John Levers na Nottingham ya fito da wanda daga baya aka inganta har yana saƙa furanni. A 1816 ma'aikatan da ke ganin inji zai raba su da abincinsu suka afka wa masana'antar Heathcoat a garin Loughborough suka farfasa injunan, amma hakan bai tsayar da komai ba. Ya kwashe ya koma wani gari ya ci gaba, wasu kuma suka tsallaka da injuna zuwa Calais ta Faransa. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, abin da a da sai 'yar sarki, ya zama 'yar aikin gida ma tana iya saye. Dubban matan ƙauye da ke ci da wannan sana'a suka rasa kasuwa.

Da a ce ciniki ne kaɗai ke riƙe da sana'a, da leshin hannu ya mutu tun zamanin kakannin kakanninmu. Amma bai mutu ba. Su wa suka riƙe shi? Mutanen da ke yin sa don suna so. Tsofaffi sun ci gaba da yi a ƙofar gida, jikoki suna kallo. Malaman makaranta, ma'aikatan jinya da 'yan fansho suka kafa ƙungiyoyi suna haɗuwa mako-mako. A Ingila an kafa ƙungiyar masu saƙar leshi ta ƙasa a 1976. A garin Idrija na ƙasar Sulobeniya akwai makarantar leshi tun 1876, kuma har yau yara suna zuwa bayan an tashi daga boko. Da duniya ta farga da darajar abin, hukumar UNESCO ta sa leshin ƙasar Kuroshiya cikin jerin kayan gadon ɗan Adam a 2009, na Alanson a 2010, na Sulobeniya a 2018. 

Kada kuma a ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. A Turkiyya mata suna yi wa gefen ɗankwali wani adon allura da suke kira oya, 'yan furanni da ganyaye ƙanana, kuma budurwa kan tara ɗankwalaye masu yawa da ta yi wa wannan aiki kafin aurenta. A Tunisiya da Aljeriya akwai leshin allura da ake haɗa gefen tufafi da shi. Musulmi ne irinmu, masu lulluɓi irin namu, kuma sun mayar da bakin mayafi wurin nuna gwaninta.

Mu dawo gida. Ƙasar nan tamu ƙasar zare ce tun fil azal. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya biyo ta Mubi zuwa Yola a 1851, ya tarar ana ciniki a ƙasar Adamawa da ƙyallayen saƙin auduga, waɗanda Fulani ke kira leppi. Zare ne kuɗi. Kakanninmu mata sun san gurzar auduga, sun san shiɓa, sun san yadda ake shafa alli a yatsa a murza mazari, a fitar da siririn zare ko abawa. Maza suna saƙa, marina suna rini, maɗinka suna zama a zaure wata da watanni a kan riga ɗaya, aska biyu ko aska takwas, da zaren tsamiya, suna huda ƙananan ramuka suna zagaye kowanne da ɗinki. Wanda ya taɓa ɗaga tsohuwar babbar riga ya duba aikin aljihunta a hasken rana ya san cewa hannun da ya yi wannan ba zai kasa yin leshin Benis ba.

Har yau auduga tana nan. Kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 mai hedikwata a Garwa, yana da masana'antar gurzar auduga a nan Gider. Daga watan Nuwamba zuwa farkon shekara kowa yana ganin manyan motoci suna shigowa shaƙe da farin kaya. Amma ina audugar ke zuwa? Mafi yawanta ana ɗaure ta a dila, a kai Ngaundare, jirgin ƙasa ya sauke ta a Duwala, jirgin ruwa ya wuce da ita ƙasashen Asiya. Kaɗan ce ke tsayawa a gida, wadda masana'antar CICAM, da aka kafa a 1965, ke kaɗawa tana saƙawa a Garwa, kuma ita ma ta daɗe tana fama da gasar kayan waje da na gwanjo. Sakamakon haka, yarinyar da mahaifinta ke noma auduga, in tana son ƙwallon zare ɗaya don ta koyi kwarashi, wanda za ta samu a kanti daga wata ƙasa aka kawo shi, sau da yawa ma na roba ne. Kaɗi kuwa ya kusa ɓacewa. A unguwa guda da ƙyar ka samu tsohuwa biyu da suka iya riƙe mazari.

To me ya sa hannayenmu ke sakin abin da suka iya? Ana ɗora laifin a kan inji da kayan Sin, kuma suna da nasu kason. Amma akwai wani dalili da ke cikin gidajenmu. Mu a nan, duk abin da mutum ya ɗauka da hannunsa, tambayar farko da za a yi masa ita ce, "Nawa yake kawowa?" Yarinya ta zauna da ƙugiya da zare, sai inna ta ce, "Ke, tashi ki ɗauki tallan gyaɗa, wannan abin naki ba ya sayen ko gishiri." Saurayi ya ɗauki allura zai koyi ɗinkin hula, abokai su ce, "Ka rasa aikin yi ne? Ga acaba can." In aka auna aikin hannu da wannan ma'auni kaɗai, kullum shi ne a ƙasa, domin abin da inji zai fitar kafin a sha shayi, hannu sai ya yi mako. Mutanen Turai sun yi wannan gasa shekara 200 da suka wuce, sun faɗi. Wanda ya ce wa 'yarsa ta bari sai ranar da abin zai yi riba, ya yanke hukuncin cewa ba za ta taɓa iyawa ba.

Ra'ayina shi ne mu ba wa aikin hannu wani gurbi da ba na kasuwa ba. Namiji yana zama a majalisa ya yi dara ko karta, ko ya kalli ƙwallon Coton Sport, ba wanda ke tambayarsa nawa ya samu. Haka ya kamata mace ta samu awa ɗaya a yini da za ta yi abin da ranta ke so, ba tare da an kira shi ɓata lokaci ba. Kuma wannan awa ba ta tafiya a banza. Mai saƙa tana samun natsuwa, domin zuciyar da ke ƙirga madauki ba ta da sararin tufka da warwarar damuwa. Yarinya tana koyon lissafi ba tare da an kira shi lissafi ba: in furen yana cin rami shida, bakin mayafin kuma yana da rami 200, dole ta san yadda za ta yi da ragowar biyun. Tana koyon haƙuri, tana koyon kammala abin da ta fara. Tsohuwar da ƙafa ta hana ta zuwa gona tana samun abin da za ta nuna, har 'yan mata su zo su durƙusa a gabanta su ce, "Kaka, a nuna mana." Ranar suna kuma, tsakanin wadda ta kawo sabulu da wadda ta kawo hula da safa da ta saƙa da hannunta, mai jego ta san wadda za ta ajiye kyautarta a ƙasan akwati.

Na san amsar da wasu iyayenmu mata za su ba ni. Za su ce, "Malam, sha'awa ta mai ƙoshi ce. Ni da nake neman na cefane, ina na ga lokacin yin abin da ba zai kawo ko dala ba?" Gaskiya ce, kuma ba zan raina ta ba. Aikin hannu ya sha fitar da mutane daga yunwa. Lokacin babbar yunwar ƙasar Ailan da ta fara a 1845, an koya wa mata da yara leshin kwarashi, kuɗinsa ya ciyar da gidaje masu yawa. A birnin Zariya, tun 1994 wasu mata suka haɗu a ƙungiya mai sunan Sarauniya Amina, suna yin surfanin hannu irin na babbar riga a kan riguna da matasan kai, ana saye har a ƙasashen waje. A Maiduguri da Kano da nan arewacin Kamaru, mata nawa ne ke sayen sabulu da littafin makarantar 'ya'yansu da kuɗin ɗinkin hula? Amma ku lura da abu ɗaya. Duk waɗanda suka ci riba, sun ci ta ne da ingancin da inji ba ya iya bayarwa, kuma inganci ba ya samuwa ga wanda ke sauri don ya kai kasuwa gobe. Sai an yi shekaru ana yi ana warwarewa, ba matsi, kafin hannu ya faɗa. Sha'awa ce ke haifar da gwani, gwani kuma shi ke sa farashi.

A nan zan juyo ga masu saye, musamman mu maza da manyan hajiyoyi. Hajiya za ta biya kuɗi masu nauyi a leshin kanti ba ta ce uffan ba, saboda an ce mata daga Dubai ya zo. Amma in maƙwabciyarta ta kawo mata shimfiɗar tebur da ta yi sati biyu tana saƙawa, ta ce jaka biyar, sai ka ji, "Kai! Zaren nawa ne duka-duka? Jaka biyu, in kin yarda." Hajiya, ba zare aka sayar miki ba. Ki ƙirga yammacin da ta zauna, ki raba jaka biyun nan a kansu, ki ga ko za ki yarda 'yarki ta yi aiki a haka. Bahaushe ya ce araha ba ta ado. In ba za ki iya biya ba, ki ce Allah ya sa albarka, ki bar mata kayanta, ya fi ki karya mata gwiwa.

Ga wadda ke sauraro take jin sha'awar farawa, abin ba shi da wuya. Ki fara da kwarashi, domin kayansa suna nan a kasuwar Gider da ta Garwa, kuma da wuya a rasa wadda ta iya a unguwarku. Ki sayi ƙugiya matsakaiciya da zare mai ɗan kauri mai haske, saboda a baƙin zare mai koyo ba ta ganin ramuka. Ki koyi sarƙa har ta riƙa fitowa daidai wa daida, ba wata a matse wata a sake. Ki yi ƙaramin abu da za ki gama cikin kwana biyu ko uku, kamar marufin kofi, kafin ki taɓa bakin mayafi. In hannu ya saba sai ki sauko zuwa siririn zaren auduga da ƙaramar ƙugiya. Ki wanke hannu kafin ki fara, domin farin zare yana shan zufa da mai, a zafin watan Maris kuwa kin san yadda abin yake. In kin tashi ki naɗe aikin a tsumma mai tsabta saboda ƙurar hunturu. Ki yi aiki da hasken rana, safe ko yamma, kada ki matsa wa idonki da fitilar waya. Lokaci-lokaci ki ɗaga kai ki dubi nesa, ki miƙe wuya da yatsu. In kin gama, ki wanke shi a hankali da ruwan sanyi, kada ki murɗe, ki shimfiɗa shi a kan tawul ki ja gefunansa su daidaita, ya bushe a inuwa.

Wadda take son gwada na sanduna, kada rashin kaya ya hana ta. Matashin za a iya cusa shi da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa har ya yi tauri, sandunan kuma kowane masassaƙi zai fere su in aka nuna masa hoto. Wayar da ke hannun 'ya'yanmu cike take da bidiyon koyarwa, da Faransanci da wasu harsuna, kuma a wannan aiki ido ne ke koyo. Zane kuwa ba sai mun aro furannin Turai ba. Muna da dagi, muna da aska, muna da zanen ƙwarya da na faifai, da tsarin duwatsun ado na matan ƙabilar Fali, da zanen lalle da 'yan matanmu ke ƙirƙira kullum. Leshin da ya ɗauki zanen yankinmu na Mayo-Luti, ba wata masana'anta a duniya da ke da irinsa.

Samari ma da ku nake. Allura ba ta san namiji ko mace ba. Manyan rigunan da sarakunanmu ke sawa ranar hawan salla, maza ne suka yi musu aiki, da yawansu almajirai da malamai da ke ɗinki tsakanin karatu da karatu. Wanda ya raina allura bai san tarihin gidansu ba.

Akwai kuma abin da shugabanni za su iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Cibiyoyin koya wa mata sana'a su ware yini ɗaya a mako da kowa zai iya zuwa, ba rajista, ba jarrabawa, a gayyato tsofaffin unguwa su zama malamai. Makarantun boko da na Islamiyya su mayar da darasin aikin hannu abin gaske. Ranar 8 ga Maris, da matan Kamaru ke fitowa da atamfa iri ɗaya, a ƙara da teburin baje kolin abin da mata suka yi da hannunsu, a ba wadda ta fi kyauta. Masu martaba lamiɓe da hakimai, in sun yaba wa mai aikin hannu a bainar jama'a sau ɗaya, ya fi wa'azin shekara. Masu harkar auduga kuma su duba yadda za a samar da siririn zaren saƙa daga audugarmu, a ƙananan ƙwallaye da mace za ta iya saye da kuɗin cefanenta.

Kafin duk wannan ya samu, ga abin da kowane gida zai iya yi a wannan makon. Ku tambayi tsohuwar gidanku abin da ta iya da zare, kaɗi ne, saƙa ce, ko ɗinkin hula. Ku saya mata kayan aiki, ku zaunar da yaro ɗaya ko yarinya ɗaya kusa da ita. Ku buɗe tsofaffin akwatuna ku ɗauki hoton duk wani aikin hannu da kuka samu, tun asu bai gama da shi ba. Kuma in kun ga 'yarku ta zauna da ƙugiya bayan ta gama aikin gida, ku ƙyale ta, kada ku tambaye ta nawa zai kawo.

A nan za mu dasa aya. Wanda ke da ra'ayi, ko ya yarda da mu ko bai yarda ba, ƙofa a buɗe take, ya aiko mana za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya sa albarka a hannayenmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya.